Kafin Ka Tsallake Iyaka: Fargabar Kuɗi da Tsaro a Tafiyata ta Farko Zuwa Gana

Saura mako uku a ɗaura auren ɗan Gwaggona a Ankara, babban birnin ƙasar Gana, Baba ya kira ni bayan sallar Isha'i. Ya ce ciwon ƙafarsa ba zai bar shi ya yi doguwar tafiya a mota ba, don haka ni zan wakilce shi, tunda muna hutun jami'a. Ya ƙara da cewa gudummawar da dangi suka tara ma a hannuna za a danƙa ta.

Na ce, "To, Baba." Amma a daren nan ban runtsa ba. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, ga shi za a ɗora mini amanar kuɗin mutane in ratsa ƙasashe da su. Idan aka sace fa? Idan 'yan canji suka cuce ni fa? Idan aka tsare ni a kan iyaka, wa zan kira?

Ƙannena 'yan sakandare, wata rana irin wannan tafiya za ta same ku, ko don karatu, ko Umara, ko gasar makarantu, ko ziyarar dangi. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin abin da na koya a makonni ukun nan.

Na fara da rubuta abin da nake tsoro

Da safe Umma ta ga idona ya yi ja, ta tambaye ni ko lafiya. Da na faɗa mata, sai ta tura ni wurin Kawu, wanda ya yi shekaru yana fataucin atamfa tsakanin Kano da Kwatano. Kawu ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini takarda da biro.

Ya ce, "Yaro, rubuta mini duk abin da kake tsoro, ɗaya bayan ɗaya."

Ina jin kamar abubuwan sun kai ɗari, amma da na rubuta sai na ga biyar ne kacal: ban san hanya ba, ban san takardun da ake nema ba, ban san kuɗin ƙasashen ba, ina tsoron ɓarayi da 'yan damfara, sannan ina tsoron in rasa hanyar magana da gida. Kawu ya ce kowanne a cikinsu yana da magani, kuma a gida ake haɗa maganin kafin a hau mota.

Hanya

Wanda zai je Ankara ta mota daga Legas zai tsallake iyaka uku. Ta farko ita ce Seme, tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin. Daga nan a wuce Kwatano a bi gaɓar teku zuwa Hilakonji, inda ake shiga Togo. Birnin Lome yana manne da iyakar Gana, ana fita daga cikinsa sai garin Aflawo, daga nan kuma a miƙe zuwa Ankara. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, wato ba ta kai rabin nisan Kano zuwa Legas ba. Abin da ke cin lokaci shi ne tsayawa a iyakoki da shingayen bincike.

Akwai kuma batun agogo. Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, amma Togo da Gana suna bayanmu da awa guda. Idan ka ce wa mai tarbarka za ka iso ƙarfe shida, ku tabbatar agogon wace ƙasa kuke nufi.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne jin cewa Hausawa sun daɗe da sanin ƙasar. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja da ƙafa da jakuna, kasuwar Salaga ta shahara a wannan ciniki. Har yau akwai unguwannin zango a Kumasi da Ankara, kamar Nima da Sabon Zango, inda za ka yi ciniki da Hausa, ka ji kiran salla, ka ci tuwo.

Takardu

An kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975, kuma yarjejeniyar da ta ƙulla a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice a watan Janairun 2025, don haka mai zuwa can ya nemi bayanin ƙa'idojin da ake aiki da su kafin ya tashi.

Rashin biza ba ya nufin a tafi hannu rabbana. Dole ka riƙe fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, dukansu daga Hukumar Shige da Fice ake karɓa. Ka duba ranar ƙarewar fasfonka, domin ƙasashe da dama suna so ya zama da sauran aƙalla wata shida. Ku da ba ku kai shekara 18 ba, ku tafi da takardar amincewar iyaye, musamman idan da malami ko wani ɗan uwa za ku yi tafiyar.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake karɓa a ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma, saboda haka ba a barin ta sai ana gobe tafiya. Tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Kada ka yarda wani ya sayar maka da kati ba tare da allura ba. Ko ka wuce iyaka da shi, jikinka ba shi da kariya daga cutar da sauro ke yaɗawa, kuma tana kisa.

Na yi hoton kowace takarda kwafi biyu, na bar ɗaya wurin Umma, na sa ɗaya a jakar da ba ita ce ke ɗauke da na ainihin ba. Na kuma ɗauke su a waya na tura wa Yayana.

Kuɗi iri uku a tafiya ɗaya

Nan ne fargabata ta fi yawa. A Najeriya naira, a Benin da Togo sefa, a Gana sidi. Kawu ya koya mini abubuwa huɗu.

Na farko, sefa iri biyu ce. Akwai ta Afirka ta Yamma, wadda ƙasashe takwas ke kashewa, ciki har da Benin da Togo da Nijar. Akwai ta Afirka ta Tsakiya, wadda ake kashewa a Kamaru da Chadi da wasu ƙasashe huɗu. Darajarsu ɗaya, kowacce an ɗaure ta da kuɗin yuro a kan 655.957, amma takardunsu daban ne, kuma mai shago a Lome ba zai karɓi ta Kamaru ba. Ka duba wadda aka ba ka.

Na biyu, Hausawan Nijar, waɗanda za ka tarar da yawa a kasuwannin Kwatano da Lome, da dala suke ƙirga. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan mai shayi ya ce maka "dala ashirin", sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce, jikka ɗaya kuma sefa 1,000. Idan ka rikice, ka roƙe shi ya rubuta lambar a waya ko a takarda.

Na uku, farashin canji yana sauyawa kullum. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka canza, ka buga lissafin da kanka, ka ƙirga kuɗin a gaban mai canjin kafin ka miƙa naka. Na canza sefar da za ta ishe ni abinci da ƙananan buƙatu tun a Wafa, kasuwar 'yan canji ta Kano, wurin mutumin da Kawu ya sani. Ban so in tsaya ina buɗe kuɗi a bakin iyaka cikin cunkoso.

Na huɗu, kada ka dogara da katin banki kaɗai. Bankunanmu sukan sauya ƙa'idar amfani da katin naira a ƙasar waje, wani lokaci su rufe, wani lokaci su sa iyaka. Ka je bankinka ka tambaya kafin tafiya. Mai ɗauke da kuɗin da ya haura dalar Amurka 10,000 kuwa, doka ta ce ya bayyana wa jami'an kwastam.

Game da gudummawar dangi, Kawu ya ba Baba shawarar kada a ba ni ita a hannu gaba ɗaya. Aka tura kaso mafi yawa ga Gwaggo ta hanyar aika kuɗi mai lasisi, aka riƙe rasit. Abin da ya rage na raba shi uku: kuɗin kashewa a aljihun gaba, kuɗin motar dawowa a aljihun da Umma ta ɗinka mini a cikin singileti, sai ɗan abin ko-ta-kwana a ƙasan jaka. Ranar da aka tura kuɗin nan na yi barci har da munshari.

Kayan da ba naka ba

Kawu bai yi wasa da wannan ba. Ya ce ko da kuka mutum ya zo, kada in karɓi ƙunshin da ban ga abin da ke ciki ba. Ya tuna mini da ɗalibar jami'ar nan ta ƙasarmu da aka kama a Saudiyya a ƙarshen 2018, bayan an samu ƙwayoyi a wata jaka da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba. Ta shafe kusan wata huɗu a tsare kafin bincike ya wanke ta, aka sake ta a watan Afrilun 2019.

Saboda haka ka san adadin jakunkunanka, ka sa musu kwaɗo, ka riƙe takardar shaidar kayan da aka ba ka. Ko saƙon makwabta ne, a buɗe shi a gabanka.

Ga wani gargaɗi da ya shafe ku kai tsaye. Akwai masu yaudarar matasa ta Facebook da WhatsApp da alƙawarin aiki, ko karatu kyauta, ko wasan ƙwallo a ƙasar waje. Alamominsu sanannu ne: su ce kada ka gaya wa iyayenka, su ce su za su riƙe maka fasfo, su ce ka biya yau ko gurbin ya wuce ka. Duk wanda ya zo maka da irin wannan, ka sanar da iyayenka ko malaminka. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana karɓar irin waɗannan koke-koke.

Waya

Na tambayi kamfanin layina ko zai yi aiki a ƙasashen uku da kuma nawa ake caji. Na rubuta lambar Baba da ta Gwaggo da adireshin gidanta a takarda, saboda waya tana iya mutuwa ko ta ɓata. Na nemi adireshin ofishin jakadancin Najeriya da ke Ankara, inda ɗan ƙasa ke zuwa idan fasfonsa ya ɓata. Lambar gaggawa a Gana 112 ce, irin tamu. Muka yi da Umma cewa zan tura saƙo a duk iyakar da na tsallake.

Yadda ta kasance

Na hau motar kamfani mai tasha da rasit, wadda ke zuwa Ankara kai tsaye. A ɗaya daga cikin iyakokin, wani mutum mai kayan gida ya tare ni ya ce in kawo fasfo da kuɗi ya buga mini hatimi da sauri. Gabana ya faɗi, amma na tuna maganar Kawu cewa jami'i mai kaki a cikin ofis kaɗai ake miƙa wa fasfo. Na ce masa na gode, na bi layi tare da sauran fasinjoji. Da aka dawo mini da fasfon na buɗe na tabbatar an buga hatimi da kwanan wata, domin rashin hatimin shiga yana jawo matsala a wurin fita.

A Lome na sayi burodi da shayi wurin wani Bazazzagi da ya ce ya shekara ashirin a garin. Ya faɗi kuɗin da dala, na lissafa a raina na miƙa masa daidai. Ya yi dariya ya ce, "Samari, ashe ka saba zuwa." Ban gaya masa wannan ne karona na farko ba.

Mun isa Ankara bayan magariba. Gwaggo da kanta ta zo tasha, tana ganina ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ya jikin Yayan nawa?" Na kira Umma na ce na sauka lafiya, na ji tana ta hamdala.

Idan tafiya ta taso maka, ɗauki takarda ka rubuta abin da kake tsoro, sannan ka nemi wanda ya taɓa bin hanyar ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata. Ka fara da fasfo da allurar rigakafi, don su ne ke cin lokaci. Idan ka gama shiri ka yi addu'ar tafiya, ka nemi albarkar iyaye. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.