Fushin Mai Jego Ba Rashin Tarbiyya Ba Ne

A Yelwa da ƙauyukan Ngaski da Shanga, har zuwa gungunan da ke cikin tafkin Kainji, ba a wasa da jikin mai jego. Tun asuba ake hura wutar ruwan wanka, a jefa ganyen darbejiya a tukunya, a dama kunun kanwa, a ɗora farfesun kifi mai yaji. Tsohuwar da ke kula da ita tana duba jinin biƙi, tana duba cibiyar jariri, tana tambayar ko nono ya kawo. Amma ranar da wannan yarinya mai sanyin hali ta daka wa mijinta tsawa a gaban mutane, ko ta yi jifa da kwano don an ce kunu ya huce, nan take ake yanke mata hukunci. Wata ta ce, "Daga haihuwa ɗaya har ta fara raina mutane." Wata ta ce iska ce ta taɓa ta. Wata kuma ta juya ta kalli ɗakin kishiya.

Sau da yawa duk ba haka ba ne. A watannin ciki, mabiyiya tana zuba wa jinin mace sinadaran istirojin da furojestaron masu yawan da jikinta bai taɓa gani ba. Da mabiyiya ta faɗo, cikin 'yan kwanaki sai su zube ƙasa warwas, ƙwaƙwalwar da ta saba da su wata tara ta wayi gari babu. Ga jinin da aka zubar, ga raɗaɗin ɗinki ko na tiyata, ga jariri mai neman nono duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Shi ya sa fiye da rabin masu haihuwa kan shiga saurin kuka da saurin hasala daga kwana na uku zuwa na biyar. Wannan kan wuce da kansa kafin mako biyu, maganinsa barci da abinci da lallashi.

Wanda ya zarce mako biyu shi ne abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. Wato idan mata biyar suka jeru a layin rigakafi a Babban Asibitin Yauri, ba abin mamaki ba ne ɗaya tana ɗauke da shi a ƙarƙashin mayafinta. Mun ɗauka mai ciwon damuwa ita ce wadda ta yi tagumi tana hawaye. Akwai wadda nata ta hanyar zafin rai yake fitowa: ƙirji ya yi mata zafi, jiki ya ɗauki rawa, abu kaɗan ya tunzura ta, ta doki babban yaronta kan laifin da bai kai ya kawo ba, sannan ta shige ɗaki tana kukan nadama.

Su ma likitoci sun jima ba su ba wannan fushi muhimmanci ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya wajen gano damuwar bayan haihuwa, wanda John Cox da abokan aikinsa suka fitar a Edinbara a 1987, tambayoyi goma ne, kuma babu ko ɗaya da ta ambaci fushi kai tsaye. A 2018 wasu masu bincike biyu a ƙasar Kanada, Christine Ou da Wendy Hall, suka tattara nazarce-nazarcen baya suka nuna cewa fushi babban ɓangare ne na wannan larura. Sun ga yana tafiya da jin rashin iko a kan al'amuranta, da samun akasin taimakon da mace ta sa rai za ta samu. Binciken da Ou ta yi daga baya ya danganta shi da rashin barci mai kyau.

Wannan batu na barci shi ya fi taɓa ni, domin a nan ne kyakkyawar al'adarmu take cutar da wadda ake nufi da alheri. Makon farko gida cike yake da 'yan barka. Mai jego ba ta runtsa da dare ba, da rana kuma dole ta zauna tsaf, ta yi kwalliya, ta amsa gaisuwar kowa da murmushi har ranar suna. Idan ta ce a bar ta ta kwanta, an ce ba ta son mutane. Kowa na da shawara a kan jaririn, ita ce kaɗai ba a tambaya. Idan kuwa haihuwar fari ce, kunyar ɗan fari ta hana ta nuna kulawa a fili, sai ya zama ba wanda zai bambance yarinya mai alkunya da yarinyar da zuciyarta ta kasa karɓar ɗanta, tana kuma jin tsoron faɗa.

Sannan arba'in ta zo. An gama wanka, tsohuwa ta ɗaure kayanta, wadda ta je wankan gida ta koma ɗakinta. Maigida yana fadamar albasa, ko ya kwana bisa ruwa yana jan taru. Girki da wanki da ɗibar ruwa da sauran yara duk sun dawo kanta, ga goyo. Ciwon damuwa kuwa bai san arba'in ba, yana iya tasowa ko ya tsananta a kowane lokaci cikin shekarar farko. A ganina, a nan muke barin mata su kaɗai daidai lokacin da suka fi bukatar hannu. Talauci, auren da babu jituwa, duka, gorin haihuwar mace, rasuwar jariri a baya, da ƙarancin shekaru, duk suna ƙara nauyin.

Ba a hana addu'a ba, amma kada ta zama dalilin ƙin zuwa asibiti, musamman ga nau'in larurar da ya fi tsanani. Mace ɗaya ko biyu cikin 1,000 kan samu rikicewar hankali bayan haihuwa, yawanci cikin mako biyun farko. Barci ya ƙaurace mata gaba ɗaya, ta riƙa surutai, ta ji muryoyi, ta ce an canza mata jariri ko ana son kashe shi. Wannan gaggawa ce kamar zubar jini. Ba a barin ta ita kaɗai da jaririn ko na ɗan lokaci, ba a ɗaure ta, ba a dukan ta da sunan fitar da aljani. A kai ta asibiti a ranar, daga nan a tura ta Birnin Kebbi ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Yawancinsu suna warkewa su ci gaba da rainon 'ya'yansu.

Na san nisan da ke cikin wannan magana. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tashi mutane sama da 40,000 zuwa sababbin matsugunai, har yau akwai ƙauyukan da sai an shiga kwale-kwale kafin a ga ma'aikaciyar jinya. Likitan ƙwaƙwalwa ba zai zauna a kowane gungu ba. Sai dai an gwada wata hanya a karkarar Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, inda Atif Rahman da abokan aikinsa suka horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su riƙa zama da masu ciki da masu jego, suna sauraron su, suna taimaka musu warware tunani. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna damuwa ta ragu da kusan rabi idan an kwatanta da sauran matan, kuma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin aiki. Jihar Kebbi tana da irin waɗannan ma'aikata, kuma uwa tana kawo ɗanta rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. Ana auna jariri a sikeli kowane zuwa. Me zai hana a tambayi uwar, "Kina samun barci? Kina jin fushin da ya fi ƙarfinki? Kin taɓa jin gara ki mutu?" A duba jininta ma, domin ƙarancin jini da kumburin ƙullin maƙogwaro bayan haihuwa suna kawo kasala da saurin fushi. Akwai kuma magungunan damuwa da likita kan ba mai shayarwa ba tare da an yaye jariri ba.

A cikin gida, aikin na angon ƙarni ne da uwar miji. Su karɓi jaririn bayan ya sha nono don ta samu barcin awa huɗu a jere, su taƙaita 'yan barka, su sa taimako ya wuce arba'in. Ke kuma 'yar'uwa, idan kukan jaririn ya kai ki bango, kada ki girgiza shi, domin girgiza na iya fasa jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar jariri. Ki kwantar da shi rigingine a wuri mai aminci, ki fita tsakar gida, ki kira Inna ko maƙwabciya ta ɗauke shi, gobe kuma ki gaya wa ungozoma ko ma'aikaciyar asibiti abin da ya faru ba tare da kin rage komai ba.