Wa Zai Zana Mana Jarumanmu?

Duk wanda ya san ɗaliban Jami'ar Aliko Ɗangote ta Wudil, musamman mazauna Sabon Gari, ya san yadda suke tafka muhawara kan littattafan jarumai masu zane da suke karantawa a wayoyinsu. Da zarar sabon Spider-Man ko Batman ya fito, sai gardama ta kaure kamar an taɓa musu dangi. Ni dai wadda ta fi jan hankalina ita ce gardamar Malika.

A 2017 ne Roye Okupe, haifaffen Legas mazaunin Amurka, ya fitar da Malika: Warrior Queen, labarin mayaƙiyar daular Azzaz, wanda ya samo tushensa daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Wasu makaranta na murnar cewa duniya ta san jarumar Arewa, ganin a 2021 kamfanin Dark Horse ya fara buga ayyukansa. Wasu kuwa na ƙorafin cewa shigarta da takobinta na tsafi ba namu ba ne, ga shi kuma da Turanci take magana.

A ganina ƙorafin yana da hujja, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma ƙorafi kaɗai ba zai haifar da littafi ba. Ga Ganɗoki na Bello Kagara tun 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, duk suna jiran masu zane. Ya kamata marubutan Kano, da suka raya adabin soyayya da kuɗin aljihunsu, su haɗa kai da matasanmu masu zane. Idan muka yi sake, 'ya'yanmu za su san Amina ne da fuskar da wani ya zana mata.

Allah Ya sa mu farga.