Daga justis zuwa kotu: kalmomin Ingilishi da ke kwanar da ƴan cin rani a kaso

Sanin kowa ne cewa da zarar an gama girbi an shigar da damman hatsi rumbu, garuruwanmu sai su koma hannun tsofaffi da mata da yara. Daga Tamaske da Garhanga a gundumar Keita, daga Karofane da Tabotaki a gundumar Buza, har Bangi da Sabon Gida a ta Madawa, samari kan rataya ƴar jaka su tafi biɗa. Wasu su nufi Libiya ko Aljeriya, wasu Abijan, amma hanyar da ta fi kusa kuma ta fi arha ita ce ta kudu: a sauka Ƙonni, a tsallaka Illela, a shiga Sakkwato, daga nan kowa ya kama gabansa, ko Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas. Mai shayi ne, mai gadi ne, ɗan ga-ruwa ne, dillalin albasa ne, babu wanda ya taɓa neman tafinta a kasuwa ko a masallaci, domin Hausa ta ishe shi. Ranar da Hausa ke gazawa ɗaya ce, ita ce ranar da tsautsayi ya kai mutum caji ofis, daga can kuma aka wuce da shi gaban majistare.

Kafin in yi nisa bari in warware wani abu. A nan gida in an ce Turanci, da yawa Faransanci suke nufi. Ni a wannan rubutu Ingilishi nake magana a kai, harshen da ake rubuta takardun ƴan sanda da na kotunan Najeriya da shi. Ba kuma maganar maƙwabta kaɗai ba ce yanzu, tunda kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuskure ne da na tafka da kaina. Shekaru uku da suka wuce, ɗan ƙanwar mahaifiyata, wanda ke saye da sayar da tsofaffin wayoyin salula a wani babban birni na arewacin Najeriya, ya sayi waya a hannun wani yaro, ashe ta sata ce. Aka kama shi, aka gurfanar da shi. Bayan ƴan kwanaki abokan zamansa suka aiko da hoton wata takarda ta WhatsApp, Inna kuwa ta sa aka kira ni, tunda ni ne ɗan lakkol na gidan, mai bakaloriya, mai magana a rediyo. Na duba takarda na ga “bail”. A Faransanci wannan kalma yarjejeniyar haya ce, ta gida ko ta shago. Wallahi belin nan da nake ji kullum a labarun BBC da Muryar Amurka, har ni ma nake faɗa a bakin makirfo, ban taɓa ganin yadda ake rubuta shi ba, sai da na yi ta juya takardar kafin na gane shi ne. Na ci gaba na ga “two sureties”, sai zuciyata ta tafi ga “sûreté”, wato hukumar ƴan sanda, na ce lalle wasu jami'an tsaro biyu ne za su sa hannu. Na ga adadin kuɗi, naira dubu 200, na ce to wannan shi ne “caution” irin namu, wanda ake zubawa a hannun magatakardar kotu kafin a saki mutum. Na ce wa Inna a nemo kuɗi.

Aka sayar da rago biyu da buhunan albasa tun farashi bai tashi ba, aka yi canji aka aika. Yaro ya ƙara mako uku a tsare kafin wani dattijo ɗan garinmu da ya daɗe can ya ji labari ya yi mana bayani. Kotu ba kuɗi ta nema a hannu ba. “Surety” mutum ne, mai tsaya wa wanda ake tuhuma, mazaunin wurin da aka san gidansa da sana'arsa, wanda zai sa hannu cewa in yaron ya gudu shi zai biya wannan adadi. Galibi haka beli yake a can, alkawari ne a kan takarda, sai in alƙali ya faɗa ƙarara cewa a ajiye kuɗi. Mutum biyu kawai ake nema, kuma suna nan unguwar tun ranar farko. Har yau in Inna ta ga ragon wani sai ta dube ni ta yi murmushi, ni kuwa in sunkuyar da kai.

Tun daga lokacin na shiga tattara irin waɗannan kalmomi, na kuma lura cewa wanda bai yi lakkol ba sau da yawa ya fi mu tsira, domin shi ya san bai sani ba, zai tambaya. Mu masu Faransanci mu ne kama ke ruɗa, alhali kama da wane ba ta wane. Ga “caution” ɗin da na ambata: a caji ofis na Najeriya gargaɗi ne da ɗan sanda ke karanta maka kafin ka ba da jawabi, cewa ba dole ne ka yi magana ba, amma duk abin da ka faɗa za a rubuta, ana kuma iya kafa hujja da shi a kanka. Ga “injury”, wanda ɗan lakkol zai ɗauka zagi ne saboda “injure”, alhali rauni ne a jiki. Ga “evidence”, ba abin da yake a fili kowa na gani ba ne, shaida ce da hujjar da aka gabatar. Shi ma “magistrate” ba daidai yake da “magistrat” namu ba. A nan duk alƙalin gwamnati da mai gabatar da ƙara sunansu ke nan, a can kuwa alƙalin ƙaramar kotu ne kaɗai, wanda ba shi da hurumin yanke hukunci a kan manyan laifuka irin kisan kai da fashi da makami. “Crime” ma haka: dokarmu ta kasa laifi uku, “contravention” da “délit” da “crime”, na ƙarshen shi ne mafi girma, amma a Ingilishi ko satar kaza ana iya kiranta da wannan suna. Saboda haka uwar da aka gaya wa an rubuta “crime” a takardar ɗanta kada ta yanke ƙauna tukuna.

Akwai kuma kalmomin da ake kiran abin da ya faru da su, waɗanda mu ƴan rediyo muke murƙushewa duka mu ce “lamarin”. “Incident” abu ne da ya auku, ko faɗa, ko gobara, ko harbi, ba a ce laifin kowa ba ne tukuna. “Accident” hatsari ne, abin da ba a yi da niyya ba. Direban da ya ɗauko albasa daga Madawa ya buge mutum a hanyar Gusau, bambancin da ke tsakanin “accident” da “negligence”, wato sakaci, shi ne bambancin komawa gida da zaman kaso. “Case” kuwa, wanda ya zama kes a bakin kowa, yana nufin ƙara a kotu, yana nufin majinyaci a asibiti, yana nufin matsala kawai. Sai “alleged”, wato ana zargi. Ita ce kalmar da muka fi yarwa in muna fassara labari cikin gaggawa, sai a wayi gari wanda ake zargi da sata ya zama ɓarawo a kunnen garinsu tun alƙali bai zauna ba. Na yi wannan kuskure a iska fiye da sau ɗaya, ba na kuma jin akwai abokin aikin da zai rantse bai taɓa yi ba.

Jihohin arewacin Najeriya suna aiki da kundin laifukan da ake kira Penal Code tun 1960, wasu jihohin sun sabunta nasu, kuma sunayen laifukansa sun bambanta da na kudu. A arewa kisan kai “culpable homicide” ne, iri biyu, mai hukuncin kisa da wanda ba shi da shi. Lambar nan 419 da ta zama sunan damfara ko a kasuwar Tunfafi, sashe ne na kundin kudu, a arewa “cheating” ake rubutawa. Biyun da suka fi kama mutanenmu su ne “criminal breach of trust”, cin amana, kamar yaron shago ko mai gadin da kaya suka ɓace a hannunsa, da “receiving stolen property”, karɓar kayan sata, wanda shi ne ya faɗa wa ɗan'uwana, kuma shi ne ke jiran duk mai sayen tsohon ƙarfe ko waya bai tambayi asali ba.

Amma duk cikin kalmomin nan babu mai hatsarin “guilty”. In an kai mutum gaban majistare a arewa, akan karanta masa takardar da ƴan sanda suka shigar, wadda ake kira FIR, a tambaye shi ko ya gane, sannan a tambaye shi ko ya aikata. Tambaya biyu ce, amsa biyu take so. Mu kuwa an rene mu a kan cewa ba a musu da babba. Bakeite ko Babuze in ya tsaya gaban mai riga da kujera, kafin a rufe baki ya ce i, ranka ya daɗe, yana nufin na ji, ina saurare. In aka rubuta wannan i ɗin a matsayin amsa laifi, kotu na iya yanke hukunci nan take ba tare da an kira shaida ko ɗaya ba. Wanda bai aikata ba, “not guilty” zai ce, ko ya ce da Hausa ban aikata ba, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Wannan ba rashin kunya ba ne ga alƙali. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, ya ce a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, ya kuma ba shi tafinta kyauta in bai jin harshen kotu. Bai ce sai ɗan ƙasa ba, kowane mutum ya ce. Sashe na 35 kuma ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, kusan kamar “garde à vue” namu na awa 48. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Ko ana bin waɗannan sau da ƙafa wata magana ce, amma wanda ya san da su ba a yi masa yadda ake yi wa wanda bai sani ba.

Daga nan sai kalmomin jira. “Remand” shi ne a ajiye mutum gidan yari kafin shari'a, kwatankwacin “mandat de dépôt”. Ba hukunci ba ne, ko da yake wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya irin wannan jiran suke yi. “Adjourned” an ɗage zama zuwa wata rana, kuma wanda ke kan beli dole ya dawo ranar. Nan ne namu ke faɗawa rami: damina ta kama, mutum ya ga an sake shi, ya hau mota ya taho shuka a Buza, kotu ta ba da waranti a kamo shi, masu tsaya masa su shiga uku. Irin haka ne ya sa dattawanmu na zango suke ɗari-ɗari da tsaya wa baƙo.

Ko ranar ƙarshe sai an kasa kunne. “Struck out” an cire ƙarar daga jerin kotu, ana iya maido ta. “Discharged” an sallami mutum, amma ba lalle a ce an wanke shi ba. “Discharged and acquitted” ita ce wankewa, ba a sake tuhumarsa da wannan laifi. In hukunci ya zo da “option of fine”, akwai zaɓin biyan tara maimakon zaman kaso, kuma an sha samun mutum a tsare saboda ƴan kuɗin da danginsa za su iya haɗawa a kasuwa ɗaya, don dai ba wanda ya gaya musu. In aka ce shekarun laifi biyu za su tafi “concurrently”, tare ake cinye su, mafi tsawo kaɗai za a zauna. “Appeal” kuwa, afil a bakin mutanen can, ɗaukaka ƙara ne, kuma yana da wa'adi. Duk wanda ya bi hanyar Illela zuwa Sakkwato ya ratsa Gwadabawa, garin da kotun shari'ar Musulunci ta yanke wa Safiya Husaini hukuncin jifa a watan Oktoba na 2001. Afil ne ya kai maganar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato, wadda ta sallame ta a watan Maris na 2002.

Marar hali yana da inda zai nemi lauya kyauta, hukumar Legal Aid Council da Najeriya ta kafa tun 1976, kamar yadda mu ma muke da ANAJJ tun dokar 2011. Ɗan'uwana dai bai kai ga neman su ba. Bayan an ɗage zama sau huɗu mai ƙara ya daina zuwa, alƙali ya kori maganar. Da takardar ta iso gida na karanta ta sau uku, sannan na buga wa dattijon nan waya ya tabbatar mini kafin in buɗe baki gaban Inna. “Struck out” aka rubuta. Na gaya wa yaron ya adana takardar cikin leda, kada ya yar da ita, kuma in ya koma, kowace waya zai saya ya nemi rasit da lambar mai sayarwa.