Yini Guda a Kan Ruwan Kainji: Uwargida, Ki Shiga da Shiri

Uwargida, idan kin tashi a Ketare ko wani gari na ƙasar Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ruwan da kika sani bai wuce rafin damina da rijiya ba. Amma aure da zumunci suna kai mace inda ba ta zata ba. Wata rana biki zai kira ki ƙasar Yawuri, a ce miki sauran tafiyar sai a jirgin ruwa.

Da sassafe ake lodi, lokacin ruwa na kwance. Tafkin da za ki gani ya samu ne bayan kammala madatsar Kainji a 1968, wadda ta haɗiye tsohon garin Bussa, aka tashi mutane sama da 40,000. Itatuwan da ruwan ya rufe ba duka suka ruɓe ba, kututturansu na nan a ƙasa, kuma suna cikin abin da ke fasa jiragen katako. Shi ya sa matuƙin da ya san hanya ya fi mai sabon inji daraja.

Kafin hantsi za ki fara cin karo da masunta, Sarkawa da Gungawa. Wasunsu jirgin ne ɗakinsu a lokacin su: rumfa a tsakiya, murhu a gefe, tulu da tabarma, yaro na barci a kan koma. Ki lura da yadda matansu ke zama, ba mai miƙewa babu dalili, ba a taruwa a gefe guda don kallo. Nan ne mu baƙi muke kuskure.

In an tsaya a kasuwar bakin ruwa, ki sayi bandar kifi, ki yi salla, amma idonki na kan lodi. A nan ake ƙara buhuna da babura har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nitse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Duka biyun an danganta su da yawan lodi.

Don haka idan ya cika, ki sauko da 'ya'yanki ko da kin biya, kunya ba ta ceton rai a ruwa. Ki nemi rigar kariya, ki ɗaura ta a saman hijabi. Jariri kuma ki kwance shi daga goyo ki riƙe a gaba. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, saboda haka in magariba ta kusa ba ku tashi ba, ki gaya wa maigida a kwana a gaɓa, a kama hanya da safe.