Tanis a ƙasar Sin: an saki aljihu, ba a saki baki ba

Jama'a, kun san mai kiwon shanun wani ba shi ke yanke farashi ba. Haka 'yan wasan tanis mata suke a Sin a da: gwamnati ke horar da su, ta karɓe kashi 65 cikin 100 na kuɗin da suka ci. A ƙarshen 2008 aka sakar wa huɗu mara, kowacce ta nemi kocinta, ta riƙe yawancin kuɗinta. Cikinsu Li Na ta lashe babbar gasar Faransa a 2011, ƙasa ta yi ta alfahari.

To amma a 2021 wata cikin huɗun, Peng Shuai, ta zargi tsohon mataimakin firaminista da tilasta mata kwanciya. Nan take aka goge maganar a intanet, aka daina ganinta kusan mako uku, daga baya ta janye. Kun ga inda igiyar ta tsaya.