HARAJIN CINIKI: MENE NE KAYA, MENE NE HIDIMA?

A zamanin En'e haraji ba shi da wuyar ganewa. Akan ƙirga kawunan magidanta a yanka musu haraji, a ƙirga shanu a karɓi jangali, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali. Kowa ya san abin da ya biya, ya kuma san ranar da ya biya shi. To, yanzu akwai wani haraji wanda ba ruwansa da kan mutum ko kan saniya, ciniki ya ke bi, har mutum ya biya shi sau goma a yini bai sani ba. Shi ne harajin ƙarin daraja, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da sunan VAT. Mun ga ya kamata mu bayyana shi filla-filla, domin malamai da akawuna su ne jama'a ke tambaya in an kawo takardar da ba a gane ba.

Asalin wannan haraji daga Faransa ne, inda aka fara shi a 1954. A Nijeriya an kafa shi da doka mai lamba 102 ta 1993, ya fara aiki ran 1 ga Janairu, 1994, a madadin harajin sayarwa na 1986. Da fari naira 5 ne cikin ɗari, sa'an nan ran 1 ga Fabrairu, 2020, ya koma 7.5 cikin ɗari. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta bar shi a kan haka.

Tushen maganar duka kalma ɗaya ce, watau bayarwa. Doka ba ta ce a biya haraji don mutum ya mallaki abu ba, sai in ya bayar da kaya ko hidima a cikin sha'anin kasuwanci a bakin wani abin da za a ba shi. Saboda haka tambayoyi uku ke gaban kowane ɗan kasuwa: me aka bayar, a ina aka bayar, yaushe kuma aka bayar?

ME AKA BAYAR?

Kaya a wurin doka shi ne abin da hannu ke iya taɓawa, kamar atamfa da siminti da keke. Amma an ware ƙasa da gini da kuɗi da takardun hannun jari, ba a lissafa su cikin kaya. Hidima kuwa ita ce duk abin da aka yi wa wani don lada wanda ba kaya ba ne, har da abin da ba a gani, kamar iznin amfani da sunan wani kamfani. Tela in ya sayi yadi ya ɗinka riga ya rataye ya sayar, ya bayar da kaya. In kai ka kai masa yadinka ya ɗinka maka, ya yi hidima. Ba sayarwa kaɗai ake nufi ba, wanda ya ba da hayar motarsa ko injinsa shi ma ya bayar. Wanda kuma ya yi musaya, ya ba da buhunan siminti aka ba shi katako, bai kuɓuta ba, sai a ƙiyasta kuɗin kayan bisa ga yadda su ke a kasuwa.

Akwai wata togaciya da ta shafi masu karatunmu. Aikin da ma'aikaci ke yi wa wanda ya ɗauke shi aiki ba ya cikin hidimar da ake nufi, don haka albashin akawu ko na malami ba ya ɗaukar wannan haraji. Amma ran da akawun nan ya bar aiki ya buɗe ofis na kansa, yana tsare wa attajirai littattafan lissafi suna biyansa, to, ya zama mai bayar da hidima, ko da ya ke alƙalamin bai sake ba.

A INA, KUMA YAUSHE?

Kaya ba su da wuya: in suna cikin Nijeriya lokacin ciniki, ko an shigo da su, ko an harhaɗa su a nan, haraji ya hau kansu. Hidima ce ta ba alƙalai aiki. Wani kamfanin sadarwa mai suna Vodacom ya sayi hanyar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam daga wani kamfanin Holan. Ya ce mai hidimar ba ya Nijeriya, tauraron kuwa yana sararin samaniya, ina dalilin haraji? A 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa tun da ya ke a nan aka karɓi hidimar aka yi amfani da ita, lalle a biya. Dokokin da suka biyo baya sun tabbatar da wannan hanya. Shi ya sa tun daga Janairun 2022 mai tallar hajarsa a Facebook ke ganin an ɗora masa 7.5 cikin ɗari. Game da lokaci kuwa, ana ɗauka an bayar ran da aka rubuta takardar neman biya ko rasit, ko ran da kuɗi ya shiga hannu, ko ran da wa'adin biya ya cika, duk wanda ya riga.

YADDA AKE LISSAFI

Mu ɗauki misali da kamfanoni uku masu rajista. Kamfanin jima ya sayar wa kamfanin takalma fata ta naira 100,000, ya ɗora haraji naira 7,500, ya kai wa Gwamnati. Mai takalma ya ɗinka, ya sayar wa mai kanti a kan naira 180,000, ya karɓi haraji naira 13,500. Ba duka zai kai ba, sai ya cire 7,500 da ya riga ya biya wa majemi, ya kai 6,000. Mai kanti ya sayar wa jama'a a kan naira 240,000, ya karɓi 18,000, ya cire 13,500, ya kai 4,500. In muka tara 7,500 da 6,000 da 4,500, sai mu sami 18,000 cif, daidai da abin da masu sa takalman suka biya. Ashe ke nan cikin 'yan kasuwan nan uku babu wanda harajin ya fita daga aljihunsa. Kowannensu dagaci ne kawai, ya karɓa ya miƙa.

Ba kome ne ake ɗora wa haraji ba. Waɗansu abubuwa an keɓe su ɗungum, waɗansu kuwa an sa musu sifiri cikin ɗari, kuma tsakaninsu akwai bambanci babba. Mai sayar da abin da aka keɓe ba ya karɓar haraji, amma ba ya iya neman wanda ya biya wajen sayen kayan aikinsa, sai ya cusa shi cikin tsadar kaya. Mai sifiri kuwa ba ya karɓa, yana kuma da ikon a mayar masa da abin da ya biya. Dokar 2025 ta sa abincin yau da kullum da magunguna da littattafan makaranta cikin masu sifiri. Ƙananan 'yan kasuwa kuma an ɗauke musu wahalar karɓa: daga 2020 wanda cinikinsa na shekara bai kai naira miliyan 25 ba bai shiga ba, dokar 2025 kuwa ta ƙara ɗaga wannan iyaka.

INDA HAƊARIN YA KE

Abin da ke karya ɗan kasuwa a nan ba yawan harajin ba ne, cakuɗa shi da jari ne. Mai kanti ya ga 18,000 a cikin akwati tare da kuɗin ciniki, sai ya saro kaya da su, ya manta 4,500 na ciki ajiya ce. Ana bukatar lissafin kowane wata kafin ran 21 ga watan da ke biye ya wuce, wanda ya yi jinkiri kuwa tara da ruwa na jiransa. In kuma ya yar da rasit ɗin da mai takalma ya ba shi, ba shi da shaidar cire 13,500, sai a nemi 18,000 duka a hannunsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ran da ma'aikatan haraji suka zo duba littafi rantsuwa ba ta maye gurbin takarda.

Shawararmu ga akawuna ita ce su buɗe wa harajin shafi dabam, gida ɗaya na abin da aka karɓa, gida ɗaya na abin da aka biya, su adana kowane rasit. Malamai kuwa su sa misalin fata da takalma cikin darasin lissafi, yara su yi da hannunsu har jimlar ta fito daidai. Yaron da ya iya wannan zai iya karanta wa mahaifinsa takardar ciniki, ya nuna masa kuɗin da ke nasa da wanda ke na baitulmali.