Kasuwar Masu A-kori-kura a Yalwawa

Ba kasuwa ce mai katanga da ƙofa ba. A Yalwawa da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita a cikin Dutse, cinikin kayan gyaran mota a warwatse yake a bakin titi: ƙaramin shago cike da kwalaye har rufi, rumfar kwano da bakanike ya kafa a gefensa, mai faci da injin iskarsa a gindin darbejiya, mai walda can gaba kaɗan, sai rewaya da ya baza wayoyi a kan benci. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin don shan baƙin mai. Wanda ba shi da mota zai ratsa ta bai san ya shiga kasuwa ba. Mai a-kori-kura kuwa ya san kowace rumfa, ya san abin da mai ita ya iya da abin da yake cika baki kawai.

Wannan kasuwa ba ta da ranar ci ta kanta, ranakun wasu take bi. Gujungu na ci ranar Lahadi, Shuwarin ranar Litinin, Maigatari ranar Alhamis. Jajibirin kowacce, rumfuna sukan cika da motocin da aka ɗaga wa baki, domin duk wanda motarsa ta kwana ba lafiya ya rasa lodin gobe: gero, dawa, wake, riɗi, zoɓo, awaki, wani lokaci har da mutanen da za su hau kan buhunan. Da kaka aikin ya fi yawa. Da damina kuwa hanyoyin ƙauye ne ke aiko wa makanikai da aiki, laka ta cinye kuloci, rami ya karya sifirin.

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 Dutse ta zama babban birni, sababbin Hilux na ma'aikatu ba su yanke a titunanta ba. Amma ba su ne ke riƙe da waɗannan rumfuna ba. Masu riƙe da su su ne tsofaffin: Hilux da ta wuce hannu uku ko huɗu kafin ta iso ga mai ita na yanzu, Nissan, Mitsubishi L200, da yayyensu Kanta da Dyna masu ɗaukar lodi mai nauyi. Jefi-jefi za ka ga Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya cika Arewa da ita. An daɗe da daina yin ta, amma ba ta yarda ta mutu ba.

Abin da ya bambanta mai a-kori-kura da mai ƙaramar motar zuwa ofis shi ne bai zo a gaya masa ciwon motarsa ba. Da ganewarsa ya zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya taɓa kwana a daji tsakanin Kiyawa da Jahun da buhu talatin a baya ba ya sake fita ba sifana, filaya, sukudireba, guntun waya da robar tsohon tiyub a ƙarƙashin kujera.

Duba yadda yake yi idan motar ta ƙi tashi da asuba. Ya murɗa makulli, sai ya ji "ƙat" sau ɗaya, shiru. Ba zai kira kowa ba. Zai buɗe gaba ya dubi kan batir. In ya ga farin gari ya taru a kan kawunan, ya kwance su, ya zuba ruwan zafi, ya kankare da wuƙa, ya mayar ya ɗaure tam. In har yanzu shiru, ya kunna fitila ya sake murɗawa. Fitila ta dushe, batir ne ya yi sanyi, sai a nemo yara a tura. Fitila na nan da haskenta, to laifin na sitata ne, sai ya sa yaron mota ya riƙe makulli shi kuma ya ƙwanƙwasa mata sifana a jiki. Sau da yawa takan tashi, amma ya san aron lokaci ne, dole ya bi ta wurin rewaya a canja mata burushi. In kuwa inji na juyawa amma ya ƙi kamawa, sai a koma kan mai da wuta. Mai fetur ya zare fulogi ya dubi bakinsa, ya kwance kafireto ya hure ƙananan ramukansa, musamman in jiya ya sha mai a galan wurin 'yan bumburutu. Mai dizal da man ya ƙare masa a hanya ya san iska ce ta shiga layi. Ya yi ta danna ɗan famfon da ke kan matatar mai har ya ji ya yi tauri, sannan ya gwada.

Sai abin ya fi ƙarfin wannan ne yake shiga shago, tsohon ƙarfen a hannunsa. Ba a sayen kayan gyara da baki. In boris ne, ajiye shi zai yi a kan teburi, mai shago ya juya shi ya karanta lambar jiki, sannan ya yi tambayar da ake yi wa kowa: "Maigida, wanne za a kawo, orijinal, Beljiyam ko ɗan China?" Orijinal sabo ne na kamfani, kuma kuɗinsa kan sa mutum gyara tsayuwa. Beljiyam shi ne wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai. Tsoho ne amma ƙarfen kirki, shi ya sa direbobi da yawa suka fi son sa. Ɗan China kuwa hawa-hawa ne, akwai mai daɗewa, akwai wanda ba zai ga kasuwa biyu ba. Matsalar ita ce kwali ba shaida ba ne. Jabu ma da tambarin kamfani yake zuwa. Don haka mai saye yakan auna nauyi a tafin hannu, ya kaɗa boris kusa da kunne, sannan ya nemi alkawari: "In bai hau ba zan dawo maka da shi." Mai shago ya ce, "Ba komai Alhaji, in dai ba a ɗaura an tafi da shi ba." Kayan wuta ne kawai ba a mayarwa.

Abin da babu a Dutse, akwai shi a Ƙofar Ruwa a Kano, wadda ita ma ke ɗebowa daga Ladipo ta Legas da Nnewi. A da sai mutum ya kashe yini ya je da kansa. Yanzu hoto ake ɗauka a tura ta WhatsApp, a tura kuɗi, a bai wa direban haya ya biyo da shi ta Wudil, kafin la'asar kaya sun sauka a tasha. Farashi ne ya ƙi tsayawa. Daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, naira kuma ta faɗi a bayansa, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsalle. Mai shago ya rage ba da bashi, domin kuɗin da za a biya shi bayan kasuwar Litinin ba lallai su sayo abin da ya bayar ba. Mai mota kuma ya ƙara komawa ga lallaɓawa: a ɗinke, a like, a yi walda, a ɗaure da roba.

A gaskiya rabin cinikin wannan kasuwa lodi ne ke haifar da shi. Motar da aka ƙera don kimanin tan ɗaya, a nan ninki take ɗauka. Dabarar da aka saba ita ce a ƙara wa sifirin na baya ganye biyu ko uku don kada ta zauna. Sifirin kam zai ɗauka, amma nauyin bai tafi ko'ina ba. Ya koma kan boris, kan taya, kan kuloci, kan birki. Sai zafi ya biyo baya, musamman a watan Afrilu. Lagireto ya toshe da ƙurar hunturu daga waje da tsatsar ruwan rijiya daga ciki, fanbel ya saki, allurar zafi ta haura. Direba mai hankali tsayawa yake, ya bar inji ya huce, ba ya buɗe murfi yana tafasa. Mai gaggawa ya ce bari dai in kai Shuwarin. Shi ne za ka gani bayan kwana biyu an sauke kan injinsa a kan buhu, baƙin mai ya koma kalar koko, ana lissafin gasket.

Ina jinjina wa wannan ilimi na hannu, kuma ina ganin shi ne dalilin da ya sa tsohuwar mota ke da daraja a nan: mai ita na iya fahimtar ta. Sababbin motoci masu kwamfuta kuwa, da fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai na'ura ya jona ya karanta, sifana ba ta da ta cewa. Yaran gareji masu wayo sun fara koyon wannan, kuma su ne za su ci kasuwar nan gaba.

Amma akwai wurin da lallaɓawa ba ta da hurumi. Har yanzu ana samun mai zuba ruwan sabulu a madadin man birki, da mai toshe layin birkin ƙafa ɗaya da ke yoyo ya tafi da uku, da mai sayen tsohuwar taya don ya ga zanenta bai goge ba. Alhali shekarun taya a rubuce suke a gefenta: lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Direba, ɗaure salansa da waya in ka ga dama, tura ta kullum da safe in batir ya gagare ka. Birki, sitiyari da taya dai ka saya musu na kirki kafin ka ɗora mutane a kan lodi.